Gilashin Manna wa Ido: Tambayoyi da Amsoshi kan Raunin Gani da Gyaransa

Mafi yawan masu kukan ba sa gani sosai, idonsu lafiyarsa ƙalau. Saitin hasken da ke shiga cikinsa ne ya kauce, kuma tabarau ko ɗan gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido, wanda aka fi sani da kontak lens, kan mayar da saitin daidai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani na kusa ko na nesa, kuma irin wannan kaucewar saiti na sahun gaba cikin dalilan. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko: tabarau a kan hanci yake zaune, lens kuwa a kan nama mai rai yake wuni. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Me ke sa gani ya yi dishi-dishi alhali ido ba ya ciwo?

Kafin ka ga abu tangaran, sai hasken da ya taso daga gare shi ya tanƙwaru ya taru cif a kan tantanin da ke can bayan ido, wanda likitoci ke kira retina. Sassa biyu ne ke wannan aiki. Na farko koniya, fatar nan garau da ta lulluɓe baƙin ido kamar gilashin agogo; ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi biyu cikin uku na aikin. Na biyu wani ɗan madubi mai taushi a bayan baƙin ido, wanda ke kumbura idan ka dubi abu na kusa, ya lafa idan ka hangi nesa. Tsawon ƙwayar idon baligi daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. In tsawon ya zarce, ko ya gaza, ko lanƙwasar koniya ta wuce ƙima, sai haske ya taru tun kafin ya kai retina ko ya isa gare ta bai gama taruwa ba, hoton ya watse. Ƙarin milimita 1 kacal ya isa ya hana ɗalibi karanta allo daga bayan aji.

Waɗanne iri ne aka fi samu?

Huɗu ne. Na farko rashin hangen nesa, wato mayofiya. Ido ya yi tsawo, abu na kusa garau, na nesa hazo-hazo, shi ya sa mai shi ke yawan ƙanƙance ido. Lambar gyaransa tana zuwa da alamar ragi, kamar -2.00. Sunan ma'aunin dayopta, kuma lissafinsa ba wuya: raba mita 1 da lambar, za ka sami iyakar nisan da mutum ke gani sosai ba gilashi. Mai -2.00 ganinsa ya tsaya a santimita 50, mai -4.00 a santimita 25, mai -10.00 kuwa sai ya kawo takarda dab da hancinsa. Yakan soma a shekarun makaranta, ya yi ta ƙaruwa, galibi ya lafa wajen shekara 20 ko jim kaɗan bayan haka.

Na biyu kishiyarsa ne: ido gajere, lambar da alamar tarawa, kamar +2.50. Wannan ya iya ɓuya a jikin yara da matasa, domin madubin cikin ido na yunƙurawa ya cike giɓin. Sai dai a ga gajiyar ido da ciwon goshi bayan karatu, a wasu yaran har ido ɗaya ya karkata wajen hanci.

Na uku astigmatizim. Maimakon koniya ta yi zagaye kamar ƙwallo, sai ta yi kamar bayan cokali, lanƙwasarta ta wani ɓangare ta fi ta wani. Rubutu na yin inuwa, fitilun mota da dare na yin jela, kuma nesa da kusa duk abin ya shafa.

Na huɗu ba wanda yake bari in rai ya yi tsawo. Wajen shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido ke fara taurara, ka ga mutum yana miƙe hannu da waya kafin ya karanta saƙo. Ƙarin da ake buƙata don karatu kan fara daga wajen +1.00, ya kai wajen +2.50 a kusan shekara 60.

Me lens ya fi tabarau da shi?

Yana tafiya tare da ido duk inda ya juya, don haka gefe da gefe ma a gyare suke, ba firam da ke tare gani, ba tururi ko ɗigon ruwan sama, ba ya zamewa wajen guje-guje. Ga masu babbar lamba amfanin ya fi haka. Tabaran ragi mai kauri na ƙanƙanta abubuwa, na tarawa na girmama su, lens kuwa kusan yana barin su a girmansu na gaskiya. Wannan ne ya sa idan bambancin lambar idanu biyu ya haura wajen dayopta 3, tabarau kan ba ƙwaƙwalwa hotuna biyu masu girma daban ta kasa haɗa su, lens ya warware matsalar.

Inda tabarau ya yi zarra kuwa shi ne ba ya taɓa ido, ba ya kai masa ƙwayar cuta. Duk mai sa lens dole ya mallaki tabarau mai lambarsa ta yanzu. Wanda ba shi da shi, ranar da idonsa ya yi ja zai ci gaba da sa lens don ba yadda zai yi, kuma nan ne ƙaramar matsala ke zama babba.

Zan iya sayen lens da takardar awon tabarau na?

A'a. Tabarau na zaune wajen milimita 12 daga ido, lens kuwa a jikinsa, kuma wannan 'yar tazara na canza ƙarfin da ake buƙata. Ƙasa da dayopta 4 bambancin bai taka kara ya karya ba. Sama da haka sai an yi lissafi: mai tabarau -8.00 lens ɗinsa wajen -7.25 ne, mai +6.00 kuwa wajen +6.50.

Sannan akwai awon da babu shi sam a takardar tabarau. Dubi kwalin lens za ka ga BC, wato zurfin lanƙwasar cikinsa, yawanci tsakanin milimita 8.3 da 9.0 a lens mai taushi. Za ka ga DIA, faɗinsa, galibi 13.8 zuwa 14.5. Lens da ya matse ba ya barin hawaye su gudana a ƙarƙashinsa. Abin haɗarin shi ne da safe ya fi kowanne daɗi, sai yamma ido ya yi ja, a ga shatar gefensa a farin ido. Wanda ya yi sako-sako kuma yana yawo, gani na zuwa yana tafiya da kowace ƙiftawa. Ƙwararre kan sa maka na gwaji, ya jira kamar minti 10 zuwa 15 ya zauna, sannan ya duba da na'ura ya ga yana ɗan motsi kaɗan idan ka ƙifta. Lens biyu daga kamfanoni daban na iya ɗaukar lambobi iri ɗaya amma zamansu a ido ya bambanta, saboda haka sunan samfurin ma ɓangare ne na takardar.

Mai taushi ko mai tauri?

Na farko da aka gwada a idon mutum da gilashin gaske aka yi su. Likita Adolf Fick ya bayyana nasa a birnin Zurik a 1888, kuma 'yan awoyi kawai ake iya jure su. Mai taushi ya samo asali daga masanin sinadarai Otto Wichterle na ƙasar Cek, wanda ya ƙera shi a 1961, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971. A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da mai haɗin silikon, wanda ke barin iskar oksijin ta ratsa ninkin-ba-ninkin na da.

Mai taushi ya fi yawa a yau saboda ana sabawa da shi cikin kwana kaɗan. Mai tauri ƙarami ne, wajen milimita 9 zuwa 10, ana jin sa a ido mako ɗaya zuwa 'yan makonni kafin a saba. Amma ganinsa ya fi kaifi, yana yin shekara ko fiye, ba ya shan ruwa balle ya riƙe datti kamar soso, kuma kamuwa da cuta ta hanyarsa ta fi ƙaranci. Ga masu keratokonus, cutar da koniya ke sirancewa ta yi tsini, shi ne abin dogaro: hawaye na cike ramukan da ke tsakaninsa da koniya, sai ya zama sabuwar fuska mai santsi. Akwai kuma babba mai tauri da ke tsallake koniya gaba ɗaya ya zauna a kan farin ido, ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti marar sinadarin adanawa kafin a sa. Yana taimakon masu tabo a koniya da masu tsananin bushewar ido.

Na kullum, na mako biyu, na wata: daga yaushe ake ƙirga?

Daga ranar da ka ɓare fakitin, ba yawan ranakun da ka sa shi ba. Na wata da aka buɗe ranar 1 ga wata ya ƙare ranar 30, ko da sau biyar aka sa shi. Furotin da maiƙon hawaye na taruwa a jikinsa, wanki ba ya fitar da su duka, kuma su ne ke haddasa ƙuraje a cikin fatar ido ta sama, da ƙaiƙayi da kwantsa mai yauƙi. Na kullum sau ɗaya ake sa shi a jefar. Ba a yi shi don wanki ba. A ganinmu shi ya fi dacewa da wanda ke sa lens jifa-jifa, da mai ƙaiƙayin ido na yanayi, da matashin da ba a tabbatar da tsaftarsa ba.

Ina da astigmatizim, akwai nawa?

Akwai, ana kiransa torik. Idan astigmatizim ɗin bai kai 0.75 ba, sau da yawa lens na gama-gari ya wadatar. Daga nan zuwa sama za ka ga ƙarin lambobi biyu a kwali: CYL, ƙarfin gyaran, da AXIS, kusurwar da gyaran ke fuskanta, daga digiri 0 zuwa 180. Tunda dole ya tsaya a kusurwa ɗaya, ana ƙara masa kauri a wasu sassa yadda fatar ido za ta riƙa mayar da shi mazauninsa. In ya juya da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi. In ya kai 30, kamar ba a yi gyaran ba. Don haka idan ganinka na washewa ya sake dusashewa bayan ƙiftawa ko in ka kishingiɗa, juyawa yake yi. Akwai 'yar alama a jikinsa da mai awo ke dubawa ya gyara kusurwar ko ya canza samfuri.

Na haura 40, lens ɗina na nesa ya daina nuna mini rubutu. Mafita?

Hanya uku. Mafi sauƙi kuma mafi kaifin gani: ka bar lens na nesa, ka ɗora tabaran karatu a kai lokacin buƙata. Ta biyu lens mai zobba, wanda ke ɗauke da lambar kusa da ta nesa a lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta zaɓi hoton da take so. Yana 'yantar da kai daga tabarau, amma kaifin gani kan ɗan ragu a wuri mai duhu, kuma akan yi gyara sau biyu ko uku kafin a dace. Ta uku a saita idon da ya fi rinjaye don nesa, ɗayan don kusa. Mutane da yawa na sabawa cikin mako ɗaya ko biyu, wasu ba sa sabawa sam, kuma tana rage iya ƙiyasta nisa. Mai yawan tuƙin dare ya gwada ta da rana tukuna.

Yaya ake sawa da cirewa?

Wanke hannu da sabulu marar mai da turare, ka ɗauraye, ka busar da tawul marar zare-zare. Busarwar ba ƙaramin abu ba ce: jiƙaƙƙen yatsa na kai ruwan famfo ido, kuma lens na manne masa ya ƙi sauka. In a gaban kwamin wanke hannu kake, toshe magudanar. Kullum fara da ido ɗaya, a ce na dama, don kada su musanya.

Ɗora lens a kan tsinin yatsanka manuni. Da yatsan tsakiya na wannan hannun ja fatar ido ta ƙasa. Da ɗayan hannun riƙe ta sama daga gindin gashin ido, ba daga gira ba. Yawancin masu koyo a nan suke kuskure, fatar ta kuɓuce su ƙifta. Dubi gaba, ka kai lens a hankali har ya taɓa, zai kama da kansa. Dubi ƙasa, saki fatar ƙasa, sannan ta sama, ka ƙifta sannu-sannu.

Wajen cirewa dubi sama, ka ja lens ƙasa zuwa farin ido da manuni, sannan ka tsunkule shi da naman babban yatsa da manuni. Kada farce ya shiga, kuma kada ka tsunkule shi yana kan baƙin ido. Sabon shiga kan fara da kamar awa 4 a rana ya riƙa ƙarawa, gwargwadon yadda mai awo ya tsara masa.

Ta yaya zan gane ya juye bai-bai?

Ɗaga shi a yatsa saitin haske ka dube shi ta gefe. In bakinsa ya miƙe sama kamar ƙaramin kwano, daidai yake. In bakin ya baje waje kamar faranti, ya juye. Sa shi a juye ba ya lahani nan take, zai dai dame ka yana zamewa.

Mene ne wankin da ya dace?

Da zarar ka cire shi, sa shi a tafin hannu, ɗiga ruwan wankin lens, ka murza da yatsa gaba da baya kamar daƙiƙa 15 zuwa 20, ka ɗauraye da wannan ruwan, sannan ka jiƙa shi a sabo. Ka murza ko da an rubuta a kwalba cewa ba sai an murza ba. Murzawar ce ke ɓamɓare yawancin datti da ƙwayoyin cuta. Tsawon jiƙawa na rubuce a kwalba, yawanci awa 4 zuwa 6.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Na jiya ƙarfinsa ya ƙare, haɗa su kuma raunana sabon yake yi. Da safe zubar da shi duka, ɗauraye mazubin da kake jiƙa lens a ciki da ruwan wankin, goge da tishu mai tsabta, ka kife shi a buɗe ya bushe, nesa da banɗaki in da hali. Canza mazubin duk wata 3 ko ƙasa da haka, domin ƙwayoyin cuta na shimfiɗa wani yauƙi a bangonsa da ido ba ya gani, magani kuma ba ya ratsa shi sosai. Ruwan gishiri na asibiti na ɗauraya ne kawai, ba ya kashe komai.

Akwai kuma wani ruwan wankin lens na sinadarin haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Yana wanki sosai, kuma ya dace da wanda sinadaran adanawa ke damunsa. Amma dole a yi amfani da mazubinsa na musamman mai ɗan faifai a ciki, wanda ke mayar da shi ruwa cikin aƙalla awa 6. In ya shiga ido kai tsaye raɗaɗinsa kamar wuta. Shi ya sa ake yi wa bakin kwalbarsa jan launi. Idan hakan ta faru, cire lens, wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, ka nemi likita in zafin bai sauka ba.

Wanda ya san ba zai iya wannan hidima kowane dare ba, ya koma na kullum ko ya zauna da tabaransa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Me ya sa ake tsananta maganar ruwa, alhali ruwan da nake sha ne?

Abin da ciki ke narkarwa, koniya ba ta iya shi. A ruwan famfo, rijiya, tafki, har da wurin ninƙaya mai sinadarin kulorin, ana samun wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba. Shan ta ba ya cutar da lafiyayyen mutum. Amma tana manne wa lens, lens ya riƙe ta a kan koniya na awoyi, ta sami 'yar ƙujewar da ba ka ma san da ita ba ta shige. In ta ji magani sai ta dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta jira. Alamarta zafi mai tsanani da ya wuce abin da ake gani a idon, kuma a farko takan yi kama da wasu cututtuka, a ɓata makonni ana maganin da ba nata ba. Jinyarta watanni ce, da ɗigon magani kowace awa dare da rana a kwanakin farko, wasu kuma sai an yi musu dashen koniya.

Ban da ita, ruwa na kumbura lens mai taushi ya canza siffa ya manne. Saboda haka cire shi kafin wanka da ninƙaya. In ruwa ya fantsama maka ba shiri, cire shi da wuri: na kullum a jefar, na wata a wanke a jiƙa cikakken lokaci. Miyau kuma kada ya kusance shi ko kusa.

Barci fa, ko ɗan gyangyaɗin rana?

Koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa take garau. Numfashinta daga iska take samu ta cikin hawaye. Idan ka rufe ido, oksijin da ke kai mata na sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, har takan ɗan kumbura cikin dare ko babu lens. Ka ɗora lens a kai: iska ta ƙara raguwa, ƙiftawar da ke share ƙwayoyin cuta ta tsaya, ga ɗumi ga laima. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da lens na ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8. Akwai lens da aka amince a kwana da su, wasu har dare 30, amma su ma haɗarinsu ya fi na wanda ake cirewa. Kada ka yanke wa kanka wannan shawara ba tare da likita ba.

In barci ya sace ka, kada ka fizge shi da ka farka, domin ya bushe ya manne, zai iya ɗaye saman koniya. Ɗiga ruwan jiƙa ido, ƙifta, jira minti 5 zuwa 10 har ya fara motsi, sannan ka cire. Wannan ranar ta tabarau ce.

Zai iya zagayawa bayan ido ya ɓace?

Ba zai yiwu ba. Siririn tantanin da ya rufe farin ido ya naɗo ya haɗe da cikin fatar ido, kamar aljihu marar ɓula. Iyakarsa ya naɗe ya maƙale ƙarƙashin fatar sama. Ɗiga ruwan jiƙa ido, dubi ƙasa, ka shafa fatar a hankali daga sama zuwa ƙasa. In ya yage, haɗa gutsattsarin a tafin hannu ka tabbata sun cika. Wani lokaci ya riga ya faɗi, ƙujewar da ya bari ce ke sa ka ji kamar yana nan. Kada ka yi ta tonon ido, je a duba.

Idona na bushewa da yamma. Laifin lens ne?

Wani ɓangare. Lens na raba hawaye gida biyu, na samansa ya fi saurin ƙafewa. Ga kuma allon waya da kwamfuta: mutum kan ƙifta wajen sau 15 a minti, amma in ya ƙura wa allo ido adadin na iya sauka zuwa rabi ko ƙasa, yawancin ƙiftawar ma rabi-rabi. Duk minti 20 ka hangi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta cikakkiya. Kawar da fuska daga fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: lens mai yawan ruwa a jikinsa ba lallai ya fi daɗi ba, wani lokaci shi ya fi zuƙar hawaye. Magungunan ƙaiƙayi da mura na sha, da juna biyu, duk kan ƙara bushewa. Canza samfuri ko ruwan wanki kan magance abin, don haka kai kuka kafin ka haƙura.

Waɗanne alamu ne ba sa jiran gobe?

Jan ido tare da zafi, ƙin haske, raguwar gani, hawaye ko kwantsa da ba ka saba ba, jin kamar tsakuwa bayan ka cire lens, ko ɗan farin ɗigo a kan baƙin ido. Cire lens nan take. In cikin awa ɗaya ko biyu abin bai lafa ba, ko akwai farin ɗigon ko raguwar gani, ga likitan ido a ranar. Wata ƙwayar cuta mai suna sudomonas na iya cinye koniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ta bar hakiya ta dindindin. Tafi da lens ɗin da mazubinsa yadda suke, kada ka wanke, domin daga jikinsu ake iya gano ƙwayar. Kada ka ɗaure idon da bandeji. Kada kuma ka ɗiga maganin da ya rage a gida, musamman mai sitiroyid: yana kwantar da ja da zafi, cutar kuma ta ci gaba da ci a ɓoye. Masu shan taba da masu ciwon suga haɗarinsu ya fi yawa.

Yaro zai iya sawa?

Hankali ake dubawa fiye da shekaru. Yara da yawa daga shekara 8 zuwa 12 na iya kula da lens idan iyaye na sa ido, har jarirai ma akan sa musu bayan an cire musu yanar ido. Yanzu akwai lens da aka ƙera don rage saurin ƙaruwar mayofiya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani irinsa mai suna MiSight a 2019 ga yaran da suka fara tsakanin shekara 8 da 12. Akwai kuma mai tauri da ake kwana da shi ya danne koniya kaɗan, a wuni ana gani ba gilashi. In aka daina, koniya ta koma yadda take, kuma tsaftarsa ba wasa. Rage saurin ƙaruwa yake yi, ba warkarwa ba. Wasa a waje cikin hasken rana kamar awa 2 a kullum na jinkirta farawar mayofiya.

Masu launi na ado, da kwalliya?

Lens mai launi lens ne, ko da ba lamba a jikinsa. A Amurka tun 2005 doka ta sa shi cikin kayan asibiti da ba a sayarwa sai da takardar likita. Fentin na iya rage shigar iska, kuma babu girma ɗaya da ya dace da kowa. Kada ki ara, kada ki ba da aro. Ki sa lens kafin kwalliya, ki cire shi kafin ki goge ta. Kwalli ya tsaya a wajen layin gashin ido, domin a bakin ciki ne ƙananan ƙofofin da ke fitar da maiƙon hawaye suke. Turare da feshin gashi kuma a rufe ido, ko a fesa kafin a sa lens.

Lens na raunana ido? Me ba ya gyarawa?

Ba ya ƙara lamba, ba ya rage ta. Abin da ba ya iyawa shi ne duk matsalar da ba ta saiti ba: yanar ido, hawan jinin ido, lahanin ciwon suga a retina. Mai babbar mayofiya, wajen -6.00 zuwa sama, ya sani cewa idonsa na nan da tsawonsa, retinarsa a miƙe take. In ya ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun yawaita farat ɗaya, ko kamar labule ya sauko ta gefe, wannan na gaggawa ne. Lamba da ke hawa da sauka cikin 'yan makonni kuma dalili ne na auna sukarin jini.

In ba abin da ke damuna, me zan je yi wajen likita duk shekara?

Daɗewa da lens na rage jin koniya, don haka lahani kan riga zafi zuwa. Da na'urar haske mai girmama abu ake ganin ƙananan jijiyoyin jini da suka fara kutsawa cikin koniya daga gefe saboda ƙarancin iska, a canza lens kafin su yi nisa. Akan juya fatar ido ta sama a nemi ƙuraje, a kuma ɗiga wani rini ruwan ɗorawa wanda ke haskawa kore a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ya nuna duk inda saman koniya ya ƙuje ko ya bushe. Ka je da lens ɗin a idonka bayan ya yi 'yan awoyi, don a ga zamansa na gaskiya, ka riƙe kwalinsa da kwalbar ruwan wankinka. Tafi da tabarau ma: rinin na kama lens mai taushi, sai an wanke ido ko an jira kamar awa ɗaya kafin a mayar da shi, in kuma an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido don duba retina, ganin kusa zai yi hazo na wasu awoyi.